Yarona ya fara minshari dare ɗaya, me zan saya masa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa huɗu, bai taɓa minshari ba sai cikin satin nan, har daga tsakar gida ana jiyo shi. Surukata ta ce beli ne, a kira wanzami. Mai kemis ɗin layinmu ya ce in sayi maganin ɗigawa a hanci da na tari. Ni kuma na ga ana tallan na'urar fesa danshi a ɗaki a Facebook. Wanne zan kama? Daga wata uwa a Ɗorayi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya ba shi lafiya. 'Yar'uwa, riƙe kuɗinki tukuna, ki ɗauki tocila ki leƙa hancinsa. Yaran shekara biyu zuwa biyar gwanaye ne wajen cusa abu a hanci: gyaɗa, wake, dutsen ado, guntun katifa. In kika ga majina na fita ta ƙofa ɗaya kawai, tana wari ko da ɗan jini, to kada ki sa tsinke ko ashana, tura abin ciki za ki yi. Asibiti za ki nufa. In kuwa kina zargin ƙaramin batirin nan na agogo ne, ko dare ne ki tafi, domin cikin sa'o'i kaɗan yake ƙona naman hanci.

In ba haka ba ne, galibi mura ce, ko ƙurar hunturu da hayaƙi. Mu a Kano mun san turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi a ɗakin da aka rufe taga ruf, yaro kuma a ciki yake kwana. Ki fitar da su, ki ɗaura gidan sauro. Abin da ya cancanci kuɗinki shi ne ruwan gishiri na ɗigawa a hanci, wanda babu magani a cikinsa, kuma ba shi da tsada. Masu buɗe hanci nan take irin su Otrivin ba a ɗiga wa ƙaramin yaro sai da izinin likita, kuma in aka jera kwanaki ana sa su, hancin kan dawo ya fi da toshewa. Maganin tari da mai sa barci kuwa a bar su a kanta, yaron da numfashinsa ke wahala da dare ba ya bukatar abin da zai ƙara masa nauyin barci.

Na'urar danshi ba laifi, sai dai tana son wuta da wanki kullum, in ba haka ba ƙwayoyin cuta za ta riƙa fesawa. Da ni ce, jiƙaƙƙen tawul zan shanya a ɗakin.

Mura kan wuce cikin sati ɗaya zuwa biyu. In ta wuce minsharin bai tafi ba, sai a duba tsokar da ke bayan hanci da 'yan ƙwayoyin nan biyu na gefen maƙogwaro, waɗanda a daidai shekarun ɗanki suka fi kumbura. Ki zauna kusa da shi yana barci. Bakinsa a buɗe yake? Numfashin na ɗaukewa, sannan ya zabura ya ja iska da ƙarfi? Yana jiƙewa da gumi duk da sanyi, ko fitsarin kwance ya dawo? Ki ɗauke shi a waya na minti biyu, don da rana a gaban likita ba zai yi ba. Asibitin yara na Hasiya Bayero ya isa wurin farawa, kuma akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Malam Aminu Kano. In yana da sikila kada ki jira sati biyun, ƙarancin iska da dare na iya tayar masa da ciwon.

Batun wanzami, ban goyi baya ba. Cire beli ba ya taɓa tsokar da ke toshe hanyar, ga zubar jini, ga tsoron ciwon hanta da cutar tetanus mai sandarar da jiki daga askar da ba a dafa ba. Amma kada ki yi musu da Hajiya da kanki. Ki nuna wa maigida hoton da kika ɗauka, shi ya ce mata a bari likita ya fara gani, in so samu ne ma a tafi da ita asibitin.