Tambayi Likita: Kwaroron Roba, Kaciya da Masu Cewa Suna Warkar da Ƙanjamau

Tambaya: Likita, an ce wanda aka yi wa kaciya ba ya ɗaukar ƙanjamau. Gaskiya ne? (Wani matashi, Kawo)

Amsa: Ba gaskiya ba ne. Binciken da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda ya nuna kaciya tana rage haɗarin namiji ya ɗauka daga mace da kusan kashi 60 cikin 100. Ragewa ce kawai. Mazan da muke bai wa magani a nan Kaduna, ai kusan dukkansu masu kaciya ne.

Tambaya: Idan na haɗa kwaroron roba biyu, kariyar ba za ta fi ƙarfi ba? (Daga Kakuri)

Amsa: A'a, gogayya za su yi su yage. Ɗaya ya isa, sabo, wanda wa'adinsa bai ƙare ba, a sa shi tun kafin a fara. Kada ka shafa masa basilin ko man kaɗanya ko man gyaɗa, maiƙo yana cinye robar. Wanda ya yi watanni a walat cikin zafin nan, jefar da shi.

Tambaya: Likita, shekaranjiya da dare robar ta fashe mini, kuma ban san matsayin matar ba. Na wanke gabana da Dettol da lemon tsami, na sha kafso daga kemis. Na tsira? (Ba suna)

Amsa: Subhanallahi! Wa ya koya maka wannan? Lemon tsami da Dettol ƙona fata suke yi, su buɗe wa cutar ƙofa, kafson kuwa ba ruwansa da ƙwayar HIV. Tashi yanzu ka je asibiti, Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ka ce kana neman PEP. Magani ne na hana cutar kama mutum bayan irin wannan haɗari, ana shan sa kwana 28, amma dole a fara shi cikin awa 72, kai kuwa ka riga ka cinye fiye da rabi. Yau, ba gobe ba.

Tambaya: Likita, mijina yana da cutar, ni ba ni da ita. Ya daɗe yana shan maganin asibiti. Bara aka haɗa shi da wani mai maganin gargajiya, ya sha jarka uku, da ya koma gwaji aka ce ba a ga cutar a jininsa ba. Tun daga nan ya ajiye maganin asibiti, ya ce ya warke, ya kuma daina sa roba. Yanzu ma aure zai ƙara. Ina tsoro, amma ina jin nauyin yi masa magana. (Wata baiwar Allah, Rigasa)

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika yi magana, domin wasiƙarki ce ta fi tayar mini da hankali a wannan makon. Maigidanki bai warke ba. Bari in faɗa miki abin da ya faru.

Maganin asibiti, wato ARV, danne ƙwayar cutar yake yi har yawanta a jini ya yi ƙasan da na'ura ba ta iya ƙirga ta. Shi ne sakamakon da ya gani. Aikin ƙwayoyin da ya daɗe yana haɗiya ne, mai jarka ya zo ya ɗauki ladan, tare da kuɗin. Ita cutar tana nan ɓoye cikin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Da zarar an ajiye magani, cikin 'yan makonni take sake yawaita, alhali mutum yana cin tuwonsa yana zuwa kasuwa, ba rama ba tari. Wani lokaci kuma idan aka yi ta sha ana dainawa sai ta gagari maganin farko, sai an canza masa wani.

Abin takaicin shi ne, lokacin da yake shan maganinsa kullum kuma cutar a danne take, ba zai sa miki ita ta hanyar saduwa ba. Wannan tabbatacce ne. Yanzu da ya daina, ya kuma cire robar, ba sauran abin da ya tsaya tsakaninki da ita.

Don haka ki je a gwada ki cikin makon nan, kada ki jira izinin kowa ya ja ki zuwa wata mai zuwa. Idan babu, ki sake bayan wata uku, ki kuma tambayi ma'aikatan game da PrEP, ƙwayar da wanda ba shi da cutar yake sha don ya kare kansa. Idan kina da ciki ko kina shayarwa, ki faɗa musu nan take, akwai yadda ake kare jariri. Shi kuma maigida, na san ba kowace magana mace ke iya faɗa wa mijinta kai tsaye ba. Ki samu wanda yake jin nauyinsa kuma ya san sirrin, yayansa ko malaminsa, su rako shi asibitin da yake karɓar magani a sake auna yawan cutar. Ba wanda zai yi masa faɗa, kuma maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Har sai an tabbatar ta sake kwantawa, roba dole ce. Yarinyar da zai aura kuwa tana da haƙƙin ta sani kafin a ɗaura.

Su kuma masu yawo da lasifika a tashoshin mota suna rantsuwa sun warkar da ƙanjamau, su ji tsoron Allah. Wallahi mun gaji da karɓar mutanensu a gadon asibiti bayan aikin gama ya gama. 'Yar'uwa, na sake roƙonki, ki je gwajin nan.

Tambaya: Maganin matsi da ake cusawa yana da illa? (Amarya, Unguwar Sarki)

Amsa: Yana da ita. Alif da kanwa da garin saiwoyin da ba a san asalinsu ba suna busar da gaba, fatar ta tsattsage lokacin saduwa, kuma ta irin wannan ƙaramin rauni cutar ke shiga. Haka gyambon ciwon sanyi. Idan kina ganin ruwa mai wari ko ƙuraje, ku je asibiti ke da angon tare.

Tambaya: An yi mana gwajin aure saura sati biyu biki, duk mun fita lafiya. Shi ke nan? (Daga Badarawa)

Amsa: Madalla, Allah ya sanya alheri. Sai dai gwajin tsinke na iya kasa ganin cutar da aka ɗauka cikin wata uku da suka wuce. Ku sake bayan wata uku, ku biyun.