Baba na son taka hanyar Hijira da ƙafa, ni kuwa na kasa barci

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dokta. Daga Tahoua nake rubuto maka, hankalina a tashe. Mahaifinmu shekararsa 66, yana da hawan jini da ciwon suga, kullum cikin shan magani yake. Wani mai haɗa tafiyar umra ya same shi har shago, ya ce akwai ayarin da zai bi hanyar Hijira da ƙafa daga Makka zuwa Madina, tare da ɗan jagora, cikin watan Agusta. Baba har ya ba da kafin alƙalami. Da muka yi masa magana sai ya ce kakansa da ƙafa ya je Makka, Ba'adare ba ya tsoron rana, kuma lada gwargwadon wahala ne. Mutumin ya ce akwai ƙwayar da suke ba matafiya don kada su ji gajiya. Ba na son in hana mahaifina alheri, amma na kasa barci. Me zan yi? Daga wata 'yarku a Tahoua.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya saka miki da alheri da ba ki yi shiru ba, ya ƙara wa Baba lafiya.

Amsa a gajarce: a watan Agusta, da wannan shekaru da waɗannan cututtuka biyu, kuma a hannun mutumin da ke tallar ƙwaya, kada Baba ya tafi. Wannan ba ya nufin ƙofar ta rufe. Hanyar tana nan, tarihinta gaskiya ne, kuma a farkon 2025 hukumomin Saudiyya suka sanar da shirin raya ta don masu ziyara, mai tsawon kilomita 470. Ki auna wannan nisa da abin da kika sani: ya zarce daga Yamai zuwa Konni. Lafiyayyen saurayi mai cin kilomita 20 a yini sai ya yi kwana ashirin da uku ko da huɗu kafin ya hango Ƙuba. Ayarin kirki ba sa ɗora wa kowa wannan nisa duka. Suna yanka hanyar gaɓa-gaɓa, a lokacin sanyi, mota na biye da su da ruwa da abinci.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar da ta fi ci mini rai, wato "mu mun saba da rana". Na yi rakiyar alhazai, kuma nan Yamai duk shekara ina duba maniyyata kafin su tashi. Babu kalmar da na fi ji daga bakin dattawanmu kamar wannan. Mutumin Tahoua ya faɗe ta, na Agadas ya faɗe ta, na Damagaram ya faɗe ta, kowa da alfaharin zafin garinsu. Ita ce kuma take kai su ƙasa.

Sabo da zafi ba gado ba ne, ba ya bin jini daga kaka zuwa jika. Jiki ne ke koyonsa cikin mako ɗaya zuwa biyu idan mutum yana aiki a cikin zafin, ya fara zufa da wuri, ya rage zubar da gishiri. Idan mutum ya bar wannan aiki na 'yan makonni, sabon ya zube. Ki tambayi kanki, yaushe rabon Baba da ya wuni a gona yana noma? Mai shago a inuwa yake wuni, panka na kaɗa masa, buta da randa na gefensa, in ya tashi zuwa masallaci taku hamsin ne. Wannan mutum ya san zafin Tahoua a ido, amma jikinsa bai yi aiki a ciki ba shekara da shekaru. Ga shi kuma Agusta tsakiyar damina ce a wurinmu, gari ya yi sanyi, ga hadari. Daga nan za a ɗauke shi a jirgi a sauke shi a Hijaz lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40 kusan kullum.

Kuma zafin ma ba iri ɗaya ba ne. Bazarar Adar, wato yankin Tahoua, busasshiya ce, zufa na fita iska na shanye ta, jiki na hucewa. Hanyar Hijira ba ta miƙe arewa kai tsaye ba, ta karkata wajen gaɓar Bahar Maliya, ta bi ta yankin Ƙudaid inda tantin Ummu Ma'abad yake a da, matar da Manzon Allah ya yada zango wurinta, kafin ta hau duwatsu. A wannan ɓangare iskar tana da laima. Zufa za ta jiƙa riga sharkaf amma ba za ta bushe ba, zufar da ba ta bushe ba kuwa ba ta sanyaya jiki, asarar ruwa ce kawai. Mai tafiya cikin irin wannan yanayi yana iya zubar da lita guda ko fiye a awa ɗaya. Shi kuma tsoho ƙishirwarsa takan makara, sai jiki ya yi nisa da bushewa kafin maƙogwaro ya nemi ruwa.

Ba na mantawa da wani dattijo da aka kawo mana cikin tanti a Mina. Gorarsa cike take da ruwa a cikin jaka, ko buɗe ta bai yi ba tun asuba. Abokan tafiyarsa suka ce ya ƙi sha ne don kada alwalarsa ta karye, don layin ban-ɗaki da tsawo. Leɓensa ya tsage, fatarsa kamar an ɗauko ta daga kan murhu, yana kiran sunan matarsa da ke gida yana cewa ta ɗaure awaki. 'Yan ɗakinsu sun fi awa guda suna masa tofi, sun ɗauka iska ce ta taɓa shi. Ba iska ba ce, zafi ne ya kai ga ƙwaƙwalwa. Muka tuɓe shi, muka yi ta kwarara masa ruwa muna fifita, muka cusa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Allah ya yi da sauran kwana. Amma ƙodarsa ba ta koma yadda take ba. Wannan mutum ma, a Yamai ya ce mini ya saba da rana.

A hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka. Hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari kuwa waɗanda ba su da izinin hajji ne, da suka yi ta doguwar tafiya cikin rana ba inuwa ba wurin hutawa. Da yawansu daga ƙasashe masu zafi suka fito. Kuma wannan a cikin Makka ne da kewayenta, inda ake da asibitoci da motocin ɗaukar marasa lafiya. To ina ga tsakiyar wani kwari a hanyar Madina?

Sai magungunan Baba. Idan cikin maganin hawan jininsa akwai mai sa fitsari, to ruwa na fita ta ƙofa biyu ke nan. Idan maganin sugarsa irin glibenclamide ne ko allurar insulin, doguwar tafiya da ƙarancin abinci na iya faɗar da sugar har ya suma, su kuma na kusa su ɗauka gajiya ce. Ita insulin ɗin ma zafi na lalata ta a cikin jaka. Ga ƙafa. Mai ciwon suga da ya daɗe sau da yawa tafin ƙafarsa ya rage ji, tsakuwa za ta shiga takalmi ya yi ta takawa bai sani ba, bororo ya fashe ya zama gyambo. Na ga ƙafafun da aka yanke saboda abin da ya fara da sabon takalmi. Kada wani ya ce masa ya ajiye maganin don tafiya, wannan ma wata halaka ce. Likitan da ke bin sa ne kaɗai zai duba ya daidaita.

Ƙwayar da mutumin ya ambata kuwa, ni da ke mun san abin da ake nufi. In ba tramol ba ce, to cikin dangin diclofenac ne da ake sayarwa a kan tire a bakin tasha. Tramol ba ta cire gajiya, tana toshe kunnen mutum ne daga jin ƙarar jikinsa, kuma tana jawo farfaɗiya. Diclofenac a jikin da ya bushe, wanda ke shan maganin hawan jini, hanya ce ta kashe ƙoda. Duk wanda ya tsaya gaban dattijo mai shekara 66 ya yi masa tallar wannan, ya gama gaya miki ko shi wane ne. Na gaji da irin waɗannan mutane. Ba su taɓa riƙe hannun wanda ke shure-shure ba, ba su taɓa buga waya gida su sanar da rasuwa ba, nasu karɓar kuɗi da romon baka, sai kuma a ce ƙaddara ce.

Ni ba malami ba ne, kuma ina roƙon ki kai wannan ɓangare gaban malamin da Baba ke jin maganarsa. Amma abin da ke cikin sira a fili yake ga kowa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai yi Hijira da ƙafa ba. A shekarar 622, Sayyidina Abubakar ya tanadi raƙuma biyu ya yi ta kiwonsu. Suka ɗauki hayar masanin hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, don ƙwarewarsa. Suka yi kwana uku a kogon Sauru, Asma'u ta haɗa musu guzuri, Amiru ɗan Fuhaira na kawo musu madara. Da suka kama hanya rana ta take, Abubakar ya nemi inuwar wani dogon dutse, ya share wuri da hannunsa, ya shimfiɗa wa Manzon Allah ya kwanta, ya samo madara wurin wani makiyayi ya zuba mata ruwa har ta yi sanyi. Abin hawa, jagora, guzuri, inuwa da tsakar rana. Wanda ke son bin sawunsa, ga sawun nan.

Akwai kuma hadisin dattijon da aka gani 'ya'yansa biyu na riƙe da shi, aka ce ya yi bakance ne zai tafi da ƙafa. Manzon Allah ya ce Allah ba ya bukatar wannan ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau abin hawa. Maganar lada gwargwadon wahala tana da asali, amma malamai sun bayyana cewa wahalar da ta zo tare da ibada ce, ba wadda mutum ya je ya nemo ba. Kuma bin hanyar Hijira ba ya cikin ayyukan umra ko hajji. Ziyarar tarihi ce mai motsa zuciya, umrar Baba cikakkiya ce ko bai taka taku ɗaya a kanta ba.

Kakan Baba kuwa, Allah ya jiƙansa. Mutanen da suka bi ta Borno da Wadai da Darfur har Sawakin ba a wata guda suka yi tafiyar ba. Shekaru suke yi, su yada zango su yi noma ko ƙodago, su huta, su jira sanyi, su kama jaki ko raƙumi. Wasu sun iso, wasu sun zauna a Sudan har yau jikokinsu na can suna Hausa, wasu kuma kaburburansu na gefen hanya ba wanda ya san wurin. Labarin waɗanda suka dawo ne ya iso gare mu.

Ga abin da za ki yi. Kada ki tunkare shi da "ba za ka iya ba", dattijon Adar ba zai haɗiye wannan daga bakin 'yarsa ba. Ki nemi ƙaninsa ko amininsa, ku ce masa ana so a ɗaga tafiyar zuwa Disamba ko Janairu, lokacin da yanayi ke sassautawa. Kafin nan, wani ɗan'uwa a Yamai ya je ofishin COHO, hukumar hajji da umra, ya tambaya ko kamfanin mutumin nan na cikin waɗanda aka amince da su. Sannan ku nemi mutumin ya rubuta muku a takarda: wane kamfani ne a Saudiyya ke da izinin kai mutane wannan hanya, kilomita nawa a yini, ƙarfe nawa ake tashi ƙarfe nawa ake tsayawa, mota nawa ke biye, wa ke da horon taimakon gaggawa, kuma awa nawa ne zuwa asibiti mafi kusa daga kowane zango. Mai gaskiya zai amsa ba tare da ɓata rai ba. In ya fara cewa ku dogara ga Allah ku bar yawan tambaya, ku nemi kuɗinku tun da sauran dama.

Baba ya je likita a auna masa zuciya da ƙoda da matsakaicin suga na wata uku, a duba tafin ƙafarsa. In sakamako ya yi kyau, ya fara atisaye wata biyu kafin tafiya, bayan sallar asuba, rabin awa da farko, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, da takalmin da zai tafi da shi da safa ta auduga. Kowane dare wani ya haska masa ƙafa da tocila, har tsakanin yatsu. A can kuma ya riƙa kurɓar ruwa ko bai ji ƙishi ba, ya duba fitsarinsa, in ya yi ja kamar shayi ya tsaya. Ya riƙe dabino a aljihu saboda faɗuwar suga. Duk wanda zai raka shi ya san cewa mutumin da ya fara surutai ko tangaɗi a rana, a kai shi inuwa a jiƙa shi nan take, kada a ɗura masa ruwa a baki, kada a tsaya neman parasitamol don ba ya sauke irin wannan zafi, a kira 997, lambar motar ɗaukar marasa lafiya a Saudiyya.

Ni da zan zaɓa masa, daga Makka ya hau jirgin ƙasa na Haramain, cikin awa biyu da 'yan mintuna yana Madina. Ya huta kwana biyu. Ranar Asabar da sassafe ya yi alwala a masaukinsa, ke ko ɗan'uwanki na gefensa da gorar ruwa, ya taka daga Masallacin Annabi zuwa Ƙuba. Kilomita uku ne da ɗan ɗori, an shimfiɗa hanyar don masu tafiya a ƙasa, akwai wuraren zama. Ita ce gaɓar ƙarshe ta Hijira, kuma Manzon Allah yakan je Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci da ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa. In Baba ya gaji a dawowa, ku tare masa mota.