Huɗuba ba ta fita tunda muka sa tayil, mu manna soso a bango?

Tambaya: Salamu alaikum Injiniya, daga Gadarif ta ƙasar Sudan nake. Mun gyara masallacin unguwa an sa tayil har rabin bango, tun daga nan maganar liman ta koma guuu kawai, dattawan sahun baya ba sa gane huɗuba. Wani mai gyaran rediyo ya ce mu manna soson katifa a bango mu ƙaro lasifika biyu. Kuɗin karo-karo ne na jama'a, ina tsoron ya tafi a banza.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Don Allah ku riƙe kuɗin nan tukuna.

Sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, sai bango ya kai nisan mita 17 kafin kunne ya ji magana ta dawo daban a matsayin amsa kuwwa. Naku ba shi ba ne, naku muryar ce ke dukan tayil ta haye silin ta faɗo bangon baya ta sake dawowa, kalmar farko ba ta mutu ba ta biyu ta hau kanta. Ku shiga lokacin da ba kowa ku tafa hannu sau ɗaya, in ƙarar ta ja ta kai daƙiƙa biyu to ga ciwon nan, ɗakin magana ana so ta mutu wajen daƙiƙa ɗaya. Ƙara lasifika ƙara wa bangon abin da zai maido ne kawai.

Maganar soso kuwa wallahi na gaji da ita, kullum sai an kawo min. Kowa ya iya haɗa waya ya zama injiniyan sauti. Soson katifa ba ya shan ƙarar da ke ƙasa-ƙasa mai kauri, wadda ita ce ke cakuɗa muryar liman, wannan ma ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce wuta. Soso yana kamawa nan take, hayaƙinsa baƙi ne mai guba, yana narkewa yana ɗiga a kan mutane. A 2003 a jihar Rhode Island ta Amurka, soso irin wannan da aka manna a bangon wani gidan rawa don rage ƙara ya kama da wuta, mutum 100 suka mutu. Yanzu ku duba masallaci ranar Juma'a, cike maƙil, ƙofa ɗaya ko biyu, ga wayoyin fanka tsirara a jikin bango, ga zafin Gadarif. Kwalin ƙwai ma da wasu ke liƙawa duk jirgi ɗaya ne.

Kafin ku sayi komai ku duba amfilifaya, akwai maɓallin eko, mai sa murya ta riƙa amsa kuwwa, da ladanai ke son murɗawa don ƙira'a ta yi daɗi, a kashe shi lokacin huɗuba. A rage ƙara, a karkato lasifikan ƙasa su kalli sahu ba bango ba. Sai kafet mai kauri, da allunan rokwul a bangon baya a lulluɓe da yadi, shi rokwul kamar auduga yake mai shan ƙara, daga dutse ake yinsa ba ya cin wuta. In kuɗin bai kai duka ba ku fara da bangon bayan nan da ke fuskantar liman lokacin huɗuba.