Hukuncin Musulmi Mai Aikin Lasisin Aure a Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune a jihar Ohio ta Amurka da iyalina. Na samu aikin akawu a kotun gado ta wata ƙaramar hukuma, kuma a nan kotun gado ce ke ba da lasisin aure. An ce za a riƙa juya mu tsakanin tebura, har da teburin lasisi, inda namiji da namiji ko mace da mace kan zo neman takarda. Ni ne kuma na'ibin liman a masallacinmu, ina da izinin jiha na ɗaura aure. Abin da ya rikita ni, kundin tsarin mulkin Ohio ya ce aure tsakanin namiji da mace ne kawai, amma Kotun Ƙoli ta ce a ba kowa. Shin in ci gaba da aikin? Idan aka kawo maganar gaban masu ƙuri'a, me zan zaɓa? Wasu 'yan'uwa sun ce in ƙi ba da takardar a fili kamar yadda wata mata ta yi a Kentucky.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya yi maka albarka, ɗan'uwa, da ka tambaya kafin a zaunar da kai a teburin.

Zan fara da abin da ya rikita ka. A Amurka dokar aure asalinta a hannun jihohi take, shi ya sa aka shafe fiye da shekara ashirin ana jan igiya jiha-jiha. Kotun ƙolin Hawaii ta buɗe ƙofar gardamar a 1993. Majalisar tarayya ta mayar da martani a 1996 da dokar kare aure, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu. Massachusetts ta zama jiha ta farko da ta fara ba da lasisin a watan Mayu na 2004 bisa hukuncin kotunta, kuma a Nuwamban wannan shekarar jihohi 11 suka kaɗa ƙuri'ar haramta shi a kundinsu, Ohio na ciki. Wannan shi ne nassin da ka gani. Sai ranar 26 ga Yuni, 2015, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Obergefell da rinjayen alƙalai 5 a kan 4 cewa dole kowace jiha ta ba da lasisin, ta kuma amince da wanda wata jiha ta bayar. Mai ƙarar ma ɗan Cincinnati ne, a jiharku. Shi da abokin zamansa sun yi rajistarsu a Maryland, yana neman Ohio ta rubuta sunansa a takardar mutuwar abokin zamansa. Nassin 2004 yana nan a rubuce, amma ba ya aiki. Ya sake jan hankali ne a 2022, lokacin da Mai shari'a Clarence Thomas ya rubuta cewa ya kamata a sake duba hukuncin 2015, sannan majalisa ta yi wata doka a Disambar shekarar da ta wajabta wa jihohi girmama rajistar da aka yi a wata jihar. Nevada ta goge nata haramcin daga kundi a 2020, California da Colorado suka bi a 2024, Hawaii ma a shekarar ta goge sashen da ya ba majalisarta ikon haramta shi.

Duk wannan kai-kawo na hukuma ne. Hukuncin Shari'a bai motsa da shi ba ko taku ɗaya. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa rukunan aure: waliyyi, sadaki, siga, da mahalli. Mahalli shi ne miji namiji da mata mace waɗanda babu abin da ya hana su auren juna. Idan babu mahalli babu aure tun daga tushe, ko da an tara shaidu ɗari an buga hatimin jiha. Allah ya ce ya halitta mana matan aure daga kanmu domin mu natsu gare su, a aya ta 21 ta Suratur Rum, ya kuma ba da labarin mutanen Annabi Luɗu a Suratul A'araf da tsawatarwa mai ƙarfi. Babu saɓani a kan haka tsakanin mazhabobi huɗu. Ka kuma lura cewa dokar ƙasar da Shari'a sun rabu ta ɗaya gefen ma: auren mace ta biyu halal ne a wurinmu, laifi ne a dokarsu. Don haka takardar jiha ba ita ke halatta aure ba, ba ita ke haramta shi ba. Takarda ce ta haraji da gado da inshora da izinin ziyara a asibiti.

Matsayinka na na'ibi shi ne mafi sauƙi. Haramun ne ka ɗaura wannan ƙulli, ko ka tsaya shaida, ko ka yi masa addu'ar albarka. Dokar ƙasar ma ba ta tilasta wa malamin addini, domin gyara na farko na kundin tarayya ya kare shi, dokar 2022 kuma ta keɓe wuraren ibada a fili. Idan aka zo maka, ka ce addininka bai ba ka dama ba, ka faɗa da ladabi, magana ta ƙare.

Aikin kotun ne ke buƙatar a zauna a kansa, domin ayyukan ofis ba ɗaya ba ne.

Akwai aikin da shi ne ke haifar da ƙullin: ka karɓi rantsuwar mutum biyu, ka duba takardunsu, ka sa hannunka a lasisin da za su kai a ɗaura musu. Wannan ban ga hanyar halatta shi ba. Allah ya ce ku taimaki juna a kan alheri da taƙawa, kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka, a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai cin riba da mai bayar da ita da marubucinta da shaidunta biyu. Marubucin bai ci ko kwabo ba, amma alƙalaminsa ne ya tsayar da cinikin, sai aka haɗa shi da su. Mai sa hannu a lasisi a nan yake tsaye. Na san wasu za su ce ai akawu ba ra'ayinsa yake bayyanawa ba, sunan jiha ne a kan takardar. Hujja ce mai nauyi, na kuma duba ta, amma marubucin riba ma ba ra'ayinsa yake rubutawa ba.

Akwai kuma aikin da ke zuwa bayan abu ya riga ya faru: ajiye fayil, fitar da kwafin takarda ga mai ita, karɓar kuɗin shigar da ƙara, tsara takardun wasiyya da rabon dukiyar mamaci, ko da a cikinsu akwai irin waɗannan mutane. Wannan halal ne. Ba kai ka ƙulla ba, kuma hana mutum haƙƙinsa na dukiya ko takardarsa zalunci ne, Allah kuwa ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku bar adalci. Annabi Yusuf ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar a ƙarƙashin sarkin da ba ya bin shari'arsa, ya yi adalci gwargwadon ikonsa. Da za a haramta duk aikin da ya shafi mai saɓo ta nesa, da babu Musulmin da zai tuƙa tasi ko ya yi jinya a ƙasar nan.

Abin yi shi ne ka rubuta wa shugaban sashenka tun yanzu, kafin juyi ya zo kanka, ka nemi a ɗauke maka teburin lasisi gaba ɗaya saboda addini, a ba ka wani aiki a madadinsa, ko da ya fi wahala. Gaba ɗaya na ce, har da lasisin namiji da mace, domin kada ya zama wani ya zo gabanka ka dube shi ka tashi, ka wulaƙanta shi a bainar jama'a, ka kuma jawo wa kanka ƙarar nuna bambanci. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta wajabta wa mai ba da aiki ya sassauta wa ma'aikaci saboda addininsa matuƙar ba zai jawo babbar wahala ba, Kotun Ƙoli kuma ta ƙarfafa wannan a 2023. Wasu jihohi sun riga sun tsara irin haka: North Carolina ta yi doka a 2015 da ta ba majistare damar janye hannu daga dukkan aure. Ka nemi lauya ya duba maka wasiƙar, domin ni ba lauya ba ne.

Idan suka ƙi, ka fara neman canjin sashe ko wani aiki da gaske. Ba na ce ka jefar da aikin yau ka bar yara da kuɗin haya a kanka ba. Allah ya ce ku ji tsoronsa gwargwadon iyawarku. Ka nemi abokin aiki ya karɓe ka a duk lokacin da zai yiwu, abin da ya fi ƙarfinka a ɗan wannan lokaci ka yi istigfari a kansa, zuciyarka tana ƙinsa. Amma lalura da gwargwadonta ake auna ta, kada wata uku ya zama shekara uku saboda albashi ya yi daɗi.

Shawarar 'yan'uwanka ban yarda da ita ba. Matar da suke nufi ita ce Kim Davis ta ƙaramar hukumar Rowan. A 2015 ta dakatar da lasisi a ofishinta ga kowa, ta bijire wa umarnin alƙali, aka tsare ta kwana biyar, mataimakanta suka ci gaba da bayarwa, shari'ar kuma ta bi ta shekaru. Ita zaɓaɓɓiyar shugabar ofis ce a lokacin, kai ma'aikaci ne da ya shiga da yarjejeniya. An ɗora maka ka janye hannunka, ba a ɗora maka ka rufe ofishin da ba naka ba. Ɓoye fayil, ko jinkirta takardar wani da gangan, ko cewa na'ura ta lalace alhali lafiyarta ƙalau, duk ha'inci ne da ƙarya, kuma haramun ne. Ka shiga ƙasar da alkawarin zaman lafiya, Allah kuma ya ce ku cika alkawura.

Maganar ƙuri'a gajeriya ce. Idan tambayar da ke kan takarda ita ce a shigar da auren jinsi cikin kundi, ko a goge ma'anar aure tsakanin namiji da mace, ƙuri'a shaida ce, kada ka shaida abin da ka san ɓatacce ne. Ka zaɓi a'a. Zaɓen ɗan takara kuwa daban ne, domin mutum ɗaya yana ɗauke da manufofi da yawa. Wanda ya dace da kai a kan aure yana iya zama mai neman takura masallatai ko korar baƙi. Nan sai a auna maslaha da ɓarna, a ɗauki mafi sauƙin cuta, kuma kada a kafirta juna a masallaci saboda saɓanin awo.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa, domin kai liman ne. Waɗanda za ka riƙa gani a kotun da unguwa mutane ne, jininsu da dukiyarsu da mutuncinsu haramun ne a kanka. Zagi da tsangwama da tona asiri ba su cikin hani da mummuna. Zartar da hukunci aikin hukuma ne, ba na ɗaiɗaikun mutane ba, a ko'ina ne. Sannan wata rana wani saurayi daga cikin yaran masallacinku zai iya zuwa ya ce maka yana jin wannan sha'awa a ransa. Kada ka kore shi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukata suka raya matuƙar ba a aikata ko an furta ba. Ka faɗa masa hukuncin aikin ba tare da lanƙwasa ba, ka rufa masa asiri, ka riƙe shi a sahu.

Wallahu a'alam.