Amsa kan lissafin kwale-kwale da gudun ruwa

Malam, tambayarka ta kwale-kwalen da ya ci kilomita 36 cikin awa 2 yana bin ruwa, da ya juyo kuma awa 3, ana neman gudun kwale-kwalen da na ruwan, wallahi ba wuya. Ka sa x gudun kwale-kwalen a ruwa mara motsi, y kuma gudun ruwan. In yana bin ruwa ai tura shi ake yi, don haka x + y = 36/2 = 18, in ya juyo kuwa ruwan na rage masa gudu, x - y = 36/3 = 12. Haɗa su biyun sai y ta ɓace, 2x = 30, kenan x = 15, y kuma 3, duk kilomita a awa. Ka dai kula in minti aka bayar, mayar da shi awa tukuna kafin ka raba, nan ne yawanci ake zamewa.