Mai grin kad ba ya jefa ƙuri'a

Malam, ka tambayi ko grin kad ɗinka, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, zai ba ka damar zaɓe ranar 3 ga Nuwamba, 2026. A'a, kada ma ka kusanci takardar rajista. Zaɓen tarayya na ɗan ƙasar Amurka ne kaɗai, kuma wanda ya yi ƙaryar zama ɗan ƙasa yana iya fuskantar kora.

Amma uwargidanka da ta riga ta yi rantsuwar zama 'yar ƙasa, ita a ƙarfafa mata. Za a zaɓi duka kujeru 435 na Majalisar Wakilai da kusan kashi ɗaya cikin uku na Dattawa. Ta duba dokar jiharku da wuri: wasu suna rufe rajista kwana 30 kafin zaɓe, jihar Minesota kuwa ko a ranar zaɓen ana yi. In kun sauya gida, ta gyara adireshi.