Aikin dare da ɗaga ƙarfe: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Likita, a gidan burodi nake aiki, sai bayan asuba muke tashi daga aiki. Yaushe ya fi dacewa in ɗaga ƙarfe?

Amsa: Kafin ka shiga aiki. Koma gida ka yi barci, ka tashi ka ci abinci, bayan la'asar ka je wajen ƙarfenka. Mai barci a ido ba ya riƙe ƙarfe daidai, a nan ake samun targaɗe da ciwon baya.

Tambaya: Ni nas ce, ina yin dare uku a jere. Sau nawa zan yi a mako?

Amsa: Sau 2 ya wadatar, malama, kuma shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su yi na ƙarfafa tsoka. Ki ajiye mai nauyi sai ranakun hutu.

Tambaya: Mai gadi ne ni a Kano. Idan na tashi da safe nakan sha tiramol da lemon ƙara kuzari guda biyu in wuce wajen ƙarfe, haka abokaina suke yi. In na dawo barci ya ƙi zuwa sai in sha ƙwayar sa barci ta D5. Kwanan nan zuciyata na bugawa da ƙarfi. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, babba ma. Ka je asibiti a yau, kada ka jira ranar hutu.

Tiramol ba ya ƙara wa kowa ƙarfi. Maganin ciwo ne, aikinsa ya toshe maka jin zafi. Zafin nan kuwa shi ne yake gaya maka kafaɗa ta gaji, ajiye ƙarfen. In ka toshe shi, sai ka yaga tsoka ba ka sani ba. Ga shi yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, musamman ga wanda bai yi barci ba. Ka duba mutum kwance a kan benci, ƙarfe mai kilo 60 saitin wuyansa, jijjiga ta zo masa. Wa zai tare? Abokan nan da suka koya maka?

Sinadarin kafin (caffeine) mai hana barci da ke cikin lemon kuwa, bayan kusan awa 5 rabinsa na nan a jininka. Ka sha da ƙarfe 7 na safe, azahar ta yi idonka biyu. Shi ya kai ka ga D5, shi kuma haɗa shi da tiramol na iya danne numfashi mutum yana barci. Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya: mutum ya fita neman lafiya, mai kemis ya miƙo masa wannan a leda ba ko tambaya.

Tsoka a lokacin hutu da barci take ginuwa, babba na buƙatar aƙalla awa 7. Wanda ya saye barcinsa da ƙwaya wahalar banza yake yi a wajen ƙarfe.

Kada ka yanke ƙwayoyin nan rana ɗaya in ka daɗe kana sha, domin hakan ma na iya kawo jijjiga. Likita ne zai rage maka su a hankali, ya auna hawan jini, ya duba zuciya. Ka faɗa masa gaskiyar abin da kake sha da yawansa, ba kama ka zai yi ba. Ka dakatar da ƙarfe tukuna. In ka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko ka ga fitsarinka ya koma kalar baƙin shayi, a garzaya da kai asibiti ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Aikin dare ya ramar da ni. An ce in sha "sha ka fashe" ƙwanjina ya fito.

Amsa: Kul! Da yawa daga cikin irin waɗannan magungunan sa ƙiba akwai wani magani mai ƙarfi da ake kira dexamethasone a ciki. Fuska da tumbi zai kumbura maka, tsokar cinya da damtse kuma ta saki, ga sukari da hawan jini. Wake, ƙwai, kifi, gyaɗa da nono su ne abincinka. In ka riga ka fara sha, ga likita kafin ka daina. In ramar ta zo da tari ko yawan fitsari, a gwada ka.

Tambaya: Hayaniyar yara da zafi ba sa barina barcin rana.

Amsa: Raba shi biyu: da safe in sun tafi makaranta, sai kuma bayan azahar. Sa labule mai kauri, kashe waya. Ranar da barci bai samu ba, a bar ƙarfe sai gobe.